Abin Da Iyaye Ke Saye A Makarantar Kuɗi

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, duk wanda ya riƙe rajistar aji a Kurmin Kogi ko Paki ko Auchan cikin 'yan shekarun nan ya san wani abu da ba a cika tayar da shi a taron reshe ba. Sunayen da ke ɓacewa daga rajista iri biyu ne. Akwai yaron da gona ko kiwo suka janye, da yarinyar da talla ta cinye. Waɗannan mun daɗe da saninsu, muna kuma da kalmomin da muke kuka da su a kansu. Akwai kuma na biyu, wanda bai bar karatu ba. Da safe za ka hango shi a bayan babur ɗin mahaifinsa, sanye da yunifom mai wani launi dabam, an nufi makarantar kuɗi da aka buɗe a tsohon gidan haya ko a jikin masallaci. Shi wannan na biyun ne bakinmu ke yi wa nauyi, domin tafiyarsa hukunci ce da uba ya yanke wa makarantar gwamnati, ya kuma biya kuɗin hukuncin daga aljihunsa.

Shekaru talatin da suka wuce wannan al'amari na birni ne. A Kaduna da Sabon Garin Zariya da Samaru ake jin labarin makarantar kuɗi, kuma 'ya'yan manyan ma'aikata da malaman jami'a ne a cikinta. Sannu a hankali abin ya sauya kama. Da aka ƙidaya makarantu masu zaman kansu a jihar Legas tsakanin 2010 da 2011, an samu sama da 12,000, mafi yawansu ƙanana marasa amincewar gwamnati, da dama kuma a unguwannin talakawa. Irin wannan ya bazu a Rigasa da Tudun Wada, sa'an nan ya biyo titi ya iso Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, ga shi yanzu yana leƙowa ƙauyuka. Mai kai ɗansa yau manomin tumatir ne, ko mai yankan rake, ko ɗan acaɓa, ko mai tuyar ƙosai da ke tara kuɗin zango a adashi. Kuma tun da wannan takarda ta cikin gida ce, bari mu faɗa a fili: a cikin masu karanta ta akwai malaman gwamnati waɗanda 'ya'yansu ke makarantar kuɗi. Ba don gori muka kawo wannan ba. Mun kawo shi ne domin ya rufe mana ƙofar cewa iyayen da suka tafi jahilai ne ko 'yan burga.

Ya dace ma mu ɗan tsaya mu yi mamakin abin. Kakanninmu sun ba mu labarin zamanin En'e, lokacin da ake yanka wa hakimi adadin yaran da zai kawo elemantare, shi kuma ya yanka wa dagatai, dagaci ya bi gida-gida yana nema. Ana ɓoye yaro a rumbu, ana tura shi ƙauyen kakanni, wani ma ya ba da ɗan baransa a madadin nasa. Ko a 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, a ƙauyuka da dama na Arewa sai da masu unguwanni suka sha lallashi kafin a saki yara. Jikokin waɗancan mutane ne yau suke sayar da buhun masara su biya kuɗin boko. Wato yaƙin da malaman da suka gabace mu suka yi, na shawo kan talaka ya yarda ilimin zamani yana da amfani, an ci shi a wurin mutane masu yawa. Abin takaicin shi ne ganimar wani gida take shiga.

Idan ka zauna da iyayen nan, a majalisa bayan la'asar ko a wajen suna, ka tambaye su dalili, ba za ka ji sun ambaci manhaja ko dabarun koyarwa ba. Uba zai ce maka, Malam, can kullum akwai malami a aji. Zai ce yaron yana dawowa da aikin gida, ana kuma duba littafinsa da jan biro, har ya fara gaishe shi da Turanci. Uwa kuwa sau da yawa damuwarta dabam ce: akwai katanga da ƙofa, akwai makewayi, yarinyarta ba za ta zagaya bayan gari don biyan buƙata ba. Tun bayan abin da ya auku a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024, inda 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 100 daga makaranta da safe, maganar katanga ta daina zama ƙaramar magana a ko'ina cikin jihar nan. Sa'an nan ga wani dalili da masu tsara manufofi ba su cika ba shi nauyinsa ba: da yawa daga makarantun kuɗin yankinmu sun haɗa boko da haddar Alƙur'ani da fiƙihu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Uban da a da yake raba yinin ɗansa uku, allo da asuba, firamare da hantsi, Islamiyya da yamma, yanzu wuri ɗaya yake biya hankalinsa ya kwanta.

Duk waɗannan dalilai ne na gaske, amma a ganinmu akwai wani a ƙarƙashinsu wanda ya fi su nauyi, ko da yake iyaye ba su cika furta shi kai tsaye ba. Abin da uba yake saye da 'yan dubban nairorin nan shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa a buɗe masa. Ranar da ya ga littafin ɗansa ya yi mako biyu ba a duba ba, sai ya ɗora hularsa ya nufi makarantar. Mai makaranta ya taso ya tarbe shi, ya ba shi kujera, ya sa a kira malamin a gabansa. Ba wai ya fi hedimastanmu kirki ba ne. Ya dai san in Alhaji ya fita ransa a ɓace, zango mai zuwa yara uku ne za su bi shi, watakila har da na maƙwabcinsa. Mutumin da ya saba ciniki a kasuwar rake ta Maƙarfi ya san daɗin wurin da maganarsa ke da nauyi.

To, a ɗauki wannan uban a kawo shi makarantar gwamnati da ƙorafi iri ɗaya. Hedimasta zai karɓe shi da mutunci, ya saurare shi har ƙarshe, amma me ke hannunsa? Ba shi ya ɗauki malami ba, ba shi da ikon sauya masa wuri, ba shi da asusun da zai sayi kwano ya rufe ajin da iska ta yaye. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. Ɗauka da canjin wuri suna hannun hukumomin ilimi na ƙaramar hukuma da na jiha. Kuɗin gine-gine kuwa wani kaso nasa yana Abuja, domin dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin tushe, amma ba a sakar wa jiha tallafin gini sai ta ajiye nata daidai da shi. Saboda haka kukan rufin aji ɗaya a Kurmin Kogi sai ya je Ikara, daga Ikara ya je Kaduna, wani lokaci har ya jira Abuja. Uban ba ya ganin wannan doguwar hanya. Abin da ya sani shi ne ya zo an ce ya yi haƙuri, ya dawo an sake ce masa ya yi haƙuri. Mutum yana iya jure ganin ɗansa a ajin da babu benci, amma jin cewa shi ba a bakin komai yake ba yana da wuyar haɗiya.

Ga kuma cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma duk wanda ya koyar a aji ɗaya ko aji biyu a wannan yanki ya san a takarda kawai lissafin yake. A watan Janairun 2016, da gwamnatin jiha ta fara ciyar da 'yan firamare a kan naira 50 kowane kwano, yara suka kwararo kamar ruwan Agusta, har aka riƙa ba da labarin makaranta ɗaya a Rigasa mai yara sama da 20,000. Shigowar yaran alheri ce, babu malamin kirki da zai yi baƙin ciki da ita. Sai dai azuzuwa da malamai ba su ƙaru da saurin da yara suka ƙaru ba, kuma uban da ya leƙa ta taga ya ga ɗansa a ƙasa cikin yara ɗari, malama ɗaya tana ta faman a yi shiru, gida zai koma ya fara lissafin kuɗin zango. A lura kuma da wanda yake tafiya. Uba mai leƙa taga, mai duba littafi, mai iya tarar kansila a gidan biki ya gaya masa magana, shi ne na farkon cire ɗansa. Duk tafiyar irin wannan mutum makaranta ta yi asarar baki ɗaya daga bakunan da za su yi mata faɗa. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ba su da kuɗin tafiya, kuma galibi su ne waɗanda ba su saba a saurare su ba.

Shin abin da iyaye suka biya suna samunsa? Wasu suna samu. Akwai makarantun kuɗi a Zariya da ma garuruwanmu inda ake aiki tsakani da Allah, kuma ƙin faɗin haka ba zai ƙara mana komai ba. Amma akwai da yawa waɗanda kamannin karatu kawai suke sayarwa. Yaro ya haddace gaisuwar Turanci da waƙoƙin nazare yana rerawa kamar aku, uba yana murna. A miƙa masa shafi ɗaya na Hausa, harshen da yake mafarki da shi, sai ya tsaya yana kallon hoto. A katin sakamako kuwa kowa gwani ne, tun da mai shago ba ya kushe hajarsa a gaban mai saye. Malaman da ke ciki ƙannenmu ne da 'ya'yanmu. Wasu suna riƙe da takardar NCE daga Zariya ko Gidan Waya suna jiran ranar da gwamnati za ta ɗauki aiki, wasu ko sakandare da ƙyar suka gama. Da yawansu abin da ake biyansu bai kama ƙafar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, babu fansho, a wasu wuraren babu albashin hutu, babu ƙungiyar da za ta tsaya musu. Arahar makarantar kuɗi daga guminsu take fitowa.

Sa'an nan akwai ranar kora, wadda ba a rubuta ta a allon talla. Mako na uku ko na huɗu na zango sai a tare yara a ƙofa, wanda bai cika ba ya koma. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin zango da na abin hawa suka tashi tare, mun ga yara suna dawo mana a tsakiyar zango da tsohon yunifom ɗin can a jikinsu. Makarantar gwamnati ba ta da ranar kora. Ita ke karɓar wanda aka koro, da almajirin da malaminsa ya yarda ya zo da safe, da yaron da ya tako daga ruga, da wanda ba ya ji sosai, da marayan da babu mai saya masa fensir. Shi ya sa ɗora sakamakon makarantun biyu a kan sikeli ɗaya ba adalci ba ne, domin ɗaya tana tsince, ɗaya tana kwasa.

Me ya sa muke ɗaukar wannan magana da zafi a takardar ƙungiya? Domin ƙorafin iyaye ba ya tsayawa a majalisa. Akwai masu jiransa su ɗauka su yi gini da shi, kuma an riga an yi haka a wasu ƙasashe. A Amurka akwai wani nau'in makaranta da suke kira chata, mu kuwa za mu iya ce mata makarantar kwangila. Gwamnati ke biyan kuɗin kowane yaro, iyaye ba sa ba da ko sisi, amma wata ƙungiya ko kamfani ke gudanar da makarantar bisa yarjejeniya ta 'yan shekaru, shi ke ɗaukar malamai, shi ke sallamarsu. Abin da zai ba 'yan ƙungiya mamaki shi ne, cikin waɗanda suka fara tallata ra'ayin a 1988 akwai shugaban wata babbar ƙungiyar malamai ta ƙasar, Albert Shanker. Shi abin da ya hango shi ne a sakar wa malamai mara su gwada sababbin dabaru a ƙananan makarantu don yaran da tsarin ya kasa. Jihar Minnesota ta yi dokar farko a 1991, aka buɗe makaranta ta farko a 1992, kuma ba a daɗe ba Shanker ya fara sukar abin da ya ga hannun da ya faɗa. Yau yara sama da miliyan 3 ke irin waɗannan makarantu, mafi yawansu kuma babu ƙungiyar malamai a ciki.

Su wa suka fi rububinsu? Talakawan manyan birane, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, har takan kai a jefa ƙuri'a don raba gurabe, uwa ta koma gida da hawaye don lambar ɗanta ba ta fito ba. Dalilansu kuwa, in ka cire maganar Alƙur'ani, sai ka ce a bakin mutanen Ikara aka kwaso su: tsaro, ladabi, da shugaban makarantar da ke amsa kira. Game da karatun kansa, wani bincike da aka fitar daga jami'ar Stanford a 2009 ya nuna cewa a darasin lissafi kashi 17 cikin 100 ne kawai na makarantun kwangila suka fi na gwamnati da aka kwatanta su da su, kashi 37 sun gaza su, sauran kuwa babu wani bambanci. Binciken da suka biyo baya daga wannan cibiya sun nuna an samu ci gaba, musamman a birane, kuma ya kamata mu faɗi wannan ma. Amma a dubi birnin New Orleans. Bayan guguwar Katrina ta watan Agustan 2005 aka sallami ma'aikatan makarantun birnin sama da 7,000, mafi yawansu baƙaƙen fata 'yan garin, aka riƙa miƙa makarantu ga 'yan kwangila har zuwa 2019, lokacin da aka wayi gari babu wadda hukumar birnin ke gudanarwa da kanta. Sakamakon jarrabawa ya tashi, kuɗin da ake kashe wa kowane yaro ma ya tashi. Iyaye da dama kuwa sun rasa makarantar unguwa, yaro ya tashi da duhu ya hau bas zuwa wancan gefen gari, kuma ranar da aka soke kwangila aka rufe makaranta ba a nemi yardar uwa ba. Waɗanda suka fita neman ƙofa, wasunsu sun tarar an ƙara nisanta ta.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A 2016 gwamnatin Laberiya ta miƙa makarantun gwamnati 93 ga ƙungiyoyi da kamfanoni 8. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun samu cewa karatu ya ƙaru, amma an kashe kuɗi fiye da abin da ake kashe wa sauran makarantu, kuma ɗaya daga cikin kamfanonin ya rage cunkoso ne ta hanyar fitar da yara daga azuzuwan da suka cika, ya kuma kawar da mafi yawan malaman da ya tarar. A nan gida, jihar Edo ta fara wani shiri da kamfani mai zaman kansa a 2018, daga baya Legas da Kwara da Bayelsa suka bi. A waɗannan ba a miƙa makarantun ba, malamai suna nan a matsayin ma'aikatan gwamnati, amma daga waje ake rubuta darasin kowace rana, a turo wa malami a ƙaramar kwamfutar hannu ya bi layi-layi, na'urar kuma tana riƙe da lokacin zuwansa da na tashinsa. Duk inda irin wannan ya shiga, da sunan iyaye ake buɗe masa ƙofa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Mu a jihar Kaduna ma ba sai mun je Laberiya neman darasi ba. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, ta sallame su. Ƙungiyarmu ta ƙi amincewa, bisa hujjar cewa hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, ita ke da hurumin tantance malami. Aka je kotun ma'aikata, aka shiga yajin aiki a watan Janairun 2018. A watan Yunin 2022 aka sake sallamar 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Kwamared Audu Amba, saboda bai zauna jarrabawar ba. Kowa a reshen nan ya san gidan da abin ya taɓa, kuma ba za mu sake buɗe shari'ar a wannan shafi ba. Abu ɗaya muke so a tuna. A lokacin an baza hotunan wasu takardun amsa a intanet, aka yi ta yawo da su a wayoyi. Wasu iyaye sun tsaya tare da malamai, amma da yawa sun yi shiru, wasu ma suka ce madalla. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Suna da tsohon ciwo a zuci, kuma ba su da wata hanya ta bambance malamin da ke aiki da wanda ba ya yi, sai abin da aka nuna musu a waya. Ga shi kuma tun daga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, maganar inda albashin malaman firamare zai riƙa bi ta sake tashi. Duk yadda ta kaya, ranar da za a sake yanke shawara a kanmu, ra'ayin iyaye ne za a ɗora a kan sikeli.

Saboda haka reshen nan yana da aikin da ba ya buƙatar izini daga Kaduna, wato gina wa iyaye ƙofar nan a cikin makarantar gwamnati. Kuma ba sai mun aro dabara daga Amurka ba, domin makarantar allo ta riga mu. Uban da bai taɓa shiga aji ba ya san ɗansa yana izu nawa. Yana jin sa yana biya karatu da dare, ya san ranar da aka wanke allo aka ƙara masa, ranar sauka kuma a gaban jama'a yaron zai karanta. Boko bai taɓa ba talaka irin wannan ma'auni ba. Kati muke ba shi mai lambobi da kalmomin Turanci, ya kai wa maƙwabci ya fassara masa. Me zai hana a ƙarshen kowane zango a ware rana ɗaya, a shimfiɗa tabarmi, uba ko uwa ko kaka su zauna, yaron aji biyu ya karanta gajeriyar wasiƙa da Hausa, na aji uku ya faɗi kuɗin kwando bakwai na tumatir in an ba shi farashin ɗaya, na aji biyar ya karanta sakin layi na Turanci ya faɗi ma'anarsa da Hausa? Wannan gwaji ne da kowane mahaifi zai gane, zai kuma iya maimaita shi a gida, ko ɗansa yana wurinmu ko yana makarantar kuɗi. Mai sayar da waƙar aku ba zai so shi ba.

Wani zai ce ai tonon asiri ne, domin akwai azuzuwan da rabin yaran ba za su iya ba. Haka ne, za a ga hakan. Shi ya sa dole a ranar a rubuta wasu lambobi da manyan baƙi a jikin bango, da Hausa da ajami in ta kama: yara nawa ne a kowane aji, malamai nawa, benci nawa, littafin karatu nawa. Uban da ya ji ɗansa yana in'ina, ya ɗaga kai ya ga yara fiye da ɗari da malama ɗaya da littattafai 'yan ƙalilan, zai san inda zai kai fushinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wa maƙwabci kafin a taya shi jinka. Wasiƙar ƙungiya ana iya ajiye ta a fayil. Iyaye ɗari biyu daga mazaɓa ɗaya, kowa da katin zaɓe, tare da malamansu da takardar lambobi a hannu, ba a ajiye su a fayil.

Akwai ma wurin da aka tanada don haka. Kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC, ya kamata a ce kowace makaranta tana da shi, da wakilin mai gari da na iyaye da na mata da na tsofaffin ɗalibai, kuma jihar Kaduna tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na tallafin Birtaniya ya yi aikin raya su. A wurare da dama yau sunansa kawai ya rage, ana tuna shi ranar da ake neman sa hannu. Taron da aka kira ranar kasuwa, ko a tsakiyar tsinkar tumatir, an riga an ce kada manomi ya zo. Taron da aka yi a ofishin hedimasta da maza zalla kuwa ya bar iyaye mata a waje, alhali su ne suka san ko yaro ya karya kumallo, su ne kuma ke yanke ko yarinya za ta ɗauki jaka ko farantin talla. Muna da malamai mata da za su iya sallama su shiga har tsakar gida. A ba su wannan aiki da muhimmancinsa, a kuma rage musu wani nauyin a madadinsa.

Maganar rashin zuwa aji, wadda iyaye suka fi ambata, ita ma reshe ne ya kamata ya fara taɓa ta kafin sufeto. Akwai wanda aka jefa nesa, kuɗin mota yana cinye albashinsa kafin tsakiyar wata. Wannan ƙungiya za ta tsaya masa har a dawo da shi kusa. Akwai kuma mai sa hannu ya wuce kasuwa ya bar wa abokin aikinsa aji biyu. Garkuwar ƙungiya an ƙera ta ne don wanda aka riƙe wa albashi ko ƙarin girma, da wanda aka zalunta don siyasa, kuma duk ranar da aka rufe mai gudun aji da ita, malamai goma masu aiki ne suke biyan bashin a idon gari. Su kuma ƙannenmu da ke koyarwa a makarantun kuɗi, masu makarantun suna da ƙungiyarsu ta NAPPS, su ba su da kowa. Ko zama ɗaya a zango da su, a ji halin da suke ciki, a nuna musu hanyar rajista da TRCN, ya fi kallonsu a matsayin kishiyoyi.

Shawararmu ga taron reshe mai zuwa ita ce a zaɓi makarantu uku, ɗaya a cikin garin Ikara, ɗaya a Kurmin Kogi, ɗaya a ƙauyen da ya fi kowa ƙarancin malamai, a gwada ranar karatu a gaban iyaye kafin hutun ƙarshen zango. A sa ta bayan girbi, a kauce wa ranar kasuwa, a aika goron gayyata ta hannun masu unguwanni da limamai da shugabannin mata. A gayyaci har iyayen da suka cire 'ya'yansu, su zo da yaran, a miƙa wa kowa shafi iri ɗaya.